Haƙorina da Katin Baban Auta

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Kan zif ɗin rigar wata mata ne ya saki, na sa shi a baki na datse da turmin hagu yadda na saba, sai na ji ƙas. Ba wata ƙara ba ce, kamar dai an taka busasshen ganye a ɗaki na gaba. Na tofo wani ɗan fari a tafin hannu, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na daɗe ina kallonsa.

Yaya ta ɗago daga keken ɗinkinta ta ce shekara ashirin muna shago ɗaya tana nuna min inda filaya take, har yau ban gan ta ba. Ta ce to madalla, ni da 'yata Auta sai mu haɗa famfara, a riƙa saya mana madara tare. Na yi dariya, iska ta shiga wurin, na rufe bakina.

A bayan littafin awo nake rubuta wannan. Shafukan gaba duk ƙugu ne da kafaɗun mutane, na baya kuwa babu mai su.

Laraba, bayan karin kumallo

Shayi ya taɓa haƙorin, sai da na dafe tebur.

Baban Auta yana ɗaura agogo na ce masa zan ɗauki katin inshora in je a duba min. Katin na wajen aikinsu ne, hotonsa a gaba, sunayenmu a baya. Shekararsa ashirin da biyu a madaba'ar nan yana duba rubutu kafin a buga, kuma mutum ne da ko atishawa Auta ta yi sai ya ce a ɗauko kati. Yau ya daɗe yana laluben ramin maɗaurin agogon. Ya ce in fara gwada ruwan gishiri mai ɗumi, wani lokaci abin yakan kwanta da kansa.

Ya fita ƙarfe bakwai da kwata, da jakarsa, da abincin da na zuba masa.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Bayan ya fita na buɗe durowa na ɗauki katin. Ban gaya masa ba, ban kuma san abin da ya hana ni ba.

Asibitin haƙorin yana hawa na biyu, a saman wani shagon tabarau. Ɗakin jiran fari ne fat, da kujerun roba a jere, da akwatin gilashi cike da ruwa, wani jan kifi shi kaɗai yana kai da komo a ciki. A bango an manna hoton haƙori an tsaga shi biyu, sai ka ce gida mai ɗakuna da 'yan lunguna. Tun a mota na sha ƙwayar rage zafi, shi ya sa komai ya yi min nisa-nisa, muryoyin mutane kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ni da kifin nan duk ɗaya muke.

Matar da ke karɓar kati tana bayan taga. Babbar mace ce, tabaraunta na rataye da sarƙa a wuya. Ta buga lambar a na'ura, ta goge, ta sake bugawa. Sai ta rage murya don kada na bayana su ji, ta tambaye ni ko maigidana ya canza wurin aiki. Na ce a'a. Ta kalle ni, ta kalli na'urar, sannan ta ɗan juyo min da fuskarta. Akwai kwanan wata a wurin, wata biyu da rabi da suka wuce. Akwai kalma ɗaya a gefensa. Ba zan rubuta ta ba.

“Katin bai mutu ba tukuna, suma ya yi,” in ji ta. “Kamfanin yana ba iyali kwana casa'in bayan irin wannan. Amma sai mai katin ya zo da kansa, da takardar da aka ba shi a wurin aikin, ya sa hannu. Saura kwana goma sha biyar.”

Na ce mata na gode, wai har da murmushi.

Na biya kuɗin ganin likita daga aljihuna. Likitar yarinya ce a kaina, hannunta sanyi ƙalau. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta nuna min wani siririn layi da ya gangara har jijiya, da wata inuwa a ƙasan saiwar. Ta ce ƙwayar cuta ta riga ta shiga, amma in an wanke jijiyar an yi ciko cikin satin nan, haƙorin zai tsira. Na tambayi kuɗin aikin in babu kati. Da ta faɗa, na ga sabon keken ɗinki ya wuce ta gabana.

Ta rubuta min maganin kwana bakwai. Ta ce maganin ba ya warkarwa, lokaci kawai yake saya min. Ta riƙe hannuna ta ce in na ga kumburi ya sauko ƙarƙashin muƙamuƙi, ko zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, in taho a take, da kati ko babu kati.

Na mayar da katin durowa, a ƙarƙashin takardun haihuwar yara, yadda na same shi.

Juma'a, da safe

Ya fita ƙarfe bakwai da kwata. Ni na goge masa rigar, mai ruwan sararin samaniya.

Lahadi, bayan la'asar

Haƙorin Auta na gaba ya faɗi tana cin burodi. Ko jinin kirki bai yi ba. Ta bi gida tana nuna wa kowa giɓin, har ta sa aka kira yayyenta biyu a makarantar kwana ta yi musu fito ta waya. Babanta ya ɗora ta a cinya yana cewa ta faɗi “sassafe”, tana faɗa yana dariya har da hawaye. Rabon da in ji wannan dariyar an kwana biyu. Da na lissafa, wata biyu da rabi.

Ya tambaye ni yaya nawa haƙorin. Na ce da sauƙi, gishirin ya yi aiki. Ya ce alhamdu lillahi, ya kuma maimaita, yana kallon ƙasa.

Maganin yana cikin gwangwanin maɓallai a shago. A can nake sha.

Rana tana shigowa ta labulen falo, duk ɗakin ya koma ruwan zuma. Ina zaune ina ji kamar wani yana taka keke a cikin kuncina, a hankali, ɗinkin da ba ya ƙarewa.

Litinin

Bakwai da kwata. Saura kwana goma sha ɗaya.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai wa wata malamar makaranta kayanta a can gefen gidan waya, unguwar da ba na zuwa. A dawowa na ratsa ta ɗan lambun da ke bayan tashar mota don in yanke hanya. Akwai bencina na siminti a ƙarƙashin bishiyoyi.

Rigar na fara ganewa, don ni na juya mata wuya bara.

Yana zaune a benci na ƙarshe, jakar a gefensa, tsohuwar jarida a kan gwiwa, jan biro a hannu. Yana bin layi da yatsa. Can sai ya tsaya, ya zagaye wata kalma, ya yi 'yar alama a gefe, ya ci gaba. Fuskarsa irin ta aiki ce sak, girar nan a haɗe. Na laɓe a bayan rumfar mai sayar da katin waya. Ƙarfe ɗaya daidai ya duba agogo, ya rufe biron, ya ninke jaridar, ya buɗe kwanon abincin. Ya ci a nutse, ya zuba wa tsuntsaye sauran shinkafar. Ɗaya da rabi ya sake buɗe biron.

Tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba. Ganye yana ta faɗowa tsakaninmu. Na ji kamar in na ɗaga ƙafa zan farka, in ga ashe a shago nake na yi gyangyaɗi a kan yadi.

Mai rumfar ya tambaye ni ko katin wane layi nake so. Na sayi wanda ba na amfani da shi.

Talata, bayan cin abincin yamma

Ya dawo ƙarfe shida. Na yi masa sannu da aiki. Ya ce yau sun sha fama, wani littafin lissafi ne duk kurakurai. Na ce Allah ya ba da lada. Na zuba masa ruwa, ya sha, ya ce ruwan ya yi sanyi mai daɗi.

Ina tauna da gefen dama. Shi kuwa ya bar rabin abincinsa a kwano.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na haɗa hannun riga a juye, na farke, na sake haɗa shi a juye. Yaya ta tashi ta kashe min keke, ta sa sakata a ƙofar shago da rana tsaka, ta jawo kujera ta zauna a gabana. Ta ce ita ta goya ni, kada in raina mata hankali, labarin zuciya a tambayi fuska, tawa fuskar kuwa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya.

Na gaya mata. Ita kaɗai.

Ta saurara har na kai ƙarshe. Sannan ta ce in je gida yau ɗin nan in ce masa ya ɗauko takardar, magana ce ta minti biyu. Ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle ni da ba ni da cikakken haƙorin.

Na ba ta labarin surukina. Lokacin da na shigo gidansu, kullum yana zaune a bakin ƙofa a kan wata kujerar katako, tun safe har inuwa ta juya. Na zaci tsufa ne, ashe bai kai hamsin da biyar ba. Sau ɗaya Baban Auta ya taɓa yi min zancen, muna sabon aure. Ya ce ba ranar da aka ba baban takardar barin aiki ce ta karya shi ba. Ranar da ya gaya wa mahaifiyarsu ce, ta dafa shi ta ce ba komai. Daga ranar bai sake ɗaura takalmi ba.

Na ce wa Yaya ni ban san wace kalma zan faɗa ba in ba wannan ba. Duk wadda na ɗauko sai in ga ita ce ta canza riga.

Ta ce to ta biya min aikin, tana da abin da ta ajiye. Na san na mene ne, na aikin idon mijinta ne. Na ƙi. Ta ce, “Ke kina rufa masa asiri, shi yana rufa miki, ciwon kuwa ba ya jin kunyar kowa.”

Ta cire sakatar. Ta karɓi rigar ta haɗa hannun da kanta.

Yau na sha ƙwayar ƙarshe. Saura takwas.

Asabar, da hantsi

Haƙorin ya yi shiru. Tun jiya da yamma babu zogi ko kaɗan. Na sha shayi mai zafi, na sha ruwan sanyi, ko gezau.

Na yi wanki, na shanya zannuwa a saman bene. Iska tana cika su tana sakewa, na tsaya a tsakaninsu, farare ta kowane gefe, ƙamshin sabulu, ƙarar motoci can ƙasa kamar a wani gari. Na ce wa kaina wataƙila shi ke nan. Wataƙila kwanakin za su wuce, katin ya mutu a durowa salin alin, shi kuma ya samu wani wurin, wata rana da yamma ya ce min ya canza madaba'a, in ce Allah ya sa albarka.

Likitar ta faɗi wani abu game da haƙorin da ya yi shiru kwatsam. Ban riƙe ba. Ko kuma na riƙe.

Lahadi

Babu ciwo. Ƙasan kunnena yana ɗan ɗumi.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na tashi da wata fuska a madubi. Kuncin hagu ya sauko ya haɗe da wuya, fatar tana sheƙi. Na naɗe gyale har haɓa na ce sanyi nake ji, kuma gaskiya ne, ƙasusuwana rawa suke.

Bakwai da kwata ta yi yana tsaye a bakin ƙofa da jaka. Bakwai da ashirin yana nan. Ya dawo ya ɗaga gyalen da yatsa biyu, ya sa bayan hannunsa a wurin. Bakinsa ya motsa. Na jira. Na rantse na ga maganar ta zo har leɓensa.

Ya ce zai biyo da magani daga kemis.

A shago zaren ya ƙi shiga allura, ramin yana matsawa gefe. Yadin da ke rataye a bango furanninsa suna buɗewa suna rufewa. Yaya ta shimfiɗa min ragowar ƙyallaye a ƙarƙashin teburin yanka na kwanta, ina jin almakashinta a saman kaina yana tafiya, ƙyas, ƙyas, kamar mutum yana ratsa ciyawa.

Saura huɗu.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

A gadon asibiti nake, babban asibiti, robar ƙarin ruwa a hannun hagu. Yaya ce ta kawo min littafin awon. Zan rubuta na jiya yadda na iya tunawa.

Da safe cokali ya ƙi shiga bakina. Yatsa ɗaya ne kawai ke wucewa tsakanin haƙorana, yawu ma da ƙyar. Baban Auta ya kalle ni sau ɗaya, ya ajiye agogon bai ɗaura ba. Ya miƙa Auta gidan maƙwabta, ya buɗe durowa ya ɗauki katin, ya rataya jakarsa. Muka shiga tasi. Katin yana hannunsa yana ta juya shi, gumi yana bin wuyansa. Na so in ce masa wani abu, bakin ya ƙi. Kwana goma sha biyu ina da baki ban yi magana ba, ranar da na so yi kuma aka kulle shi.

Ya riƙe ni muka hau benen asibitin haƙorin. A gaban tagar ya tsaya. Hannunsa ya ɗago da katin, ya kai rabi, ya tsaya a iska. Na gane bai san komai game da kwana casa'in ɗin ba. Shi a ganinsa mataccen kati ya kawo, kuma yanzu za a faɗa a gabana.

Matar mai tabarau ta ɗago ta gan ni. Ta miƙe tsaye.

“Baiwar Allah, sai yanzu? Tun ranar nake duba hanya.” Ta juya gare shi. “Malam, ka zo da takardar da aka ba ka a wurin aikin?”

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ɗakin ya yi tsit, ban da injin ruwan kifin. Bai kalle ta ba, ni ya kalla. Ban san tsawon lokacin ba. Sannan ya buɗe jakar, ya ɗaga tsofaffin jaridu, ya zaro wata farar ambulan da gefenta ya yi laushi saboda yawan taɓawa. Ashe kullum da ita yake fita.

Ta karanta, ta duba na'ura, ta sake karantawa. Ta ce akwai matsala: sunan da ke takardar bai yi daidai da na katin ba, an cinye harafi ɗaya a tsakiya, kuma kamfanin ba zai karɓa ba sai an gyara an buga hatimi.

“Na sani,” in ji shi. “Tun ranar da aka ba ni na gani.”

Likitar ta fito ta tarar da mu a haka. Ta taɓa wuyana, ta ce kumburin da ya doshi maƙogwaro ba ya jiran hatimi. Ta shigar da ni, ta yi min allura, ta tsaga wurin ta fitar da mugunya. Abin da na tuna shi ne fitilar da ke saman kaina, zagaye, fara, tana yin nisa kamar wata. Daga nan ta rubuta takardar gaggawa, ta kira motar asibiti da kanta. Mai tabarau ta leƙo ta ce za ta riƙe fayil ɗin a buɗe har Juma'a ƙarfe huɗu, daga nan ba ta da iko.

Laraba, bayan la'asar

Ya zauna a kujerar gefen gado tun safe. Can ya ce, “Tun yaushe?”

Na jawo littafin na rubuta masa a ƙasan awon wata mata: tun Alhamis ta farko, na kuma gan ka a lambu. Na san na tsallake harafi. Ya gani. Bai gyara ba.

Ya kifa goshinsa a kan ƙarfen gadon. Ruwan yana ɗiga a roba ɗaya bayan ɗaya, na yi ta binsu da ido har barci ya ɗauke ni.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Ya je madaba'ar. Da ya dawo ya ba ni labari yana kallon taga.

Ya ce sau uku yana kaiwa bakin ƙofar yana wucewa, kamar mai neman wani gida. A na huɗu maigadi ya gane shi, ya taso ya rungume shi, sai ya rasa hanyar gudu. Ya ratsa ta ɗakin injina, ƙamshin tawada ya bugi hancinsa. Teburinsa yana nan, an ɗora kwalayen takarda a kai. Ya shiga ofishin ma'aikata, ya ajiye takardar a gaban wanda ya buga ta, ya fito da jan biro ya zagaye wurin, ya yi alama a gefe yadda ya saba. Mutumin ya yi ta ba da haƙuri. Suka sake bugawa, ya tsaya ya karanta daga sama har ƙasa, ya samu waƙafi ɗaya da ba a wurinsa yake ba, ya sa suka buga ta uku.

Dariya ta zo min, ɗinkin bakina ya ja, na yi ta da hanci.

Bai faɗi dalilin da ya sa suka sallame shi ba. Ban tambaya ba. Ga shi na rubuta kalmar.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Ya sa hannu ƙarfe tara. Sha ɗaya da rabi mai tabarau ta kira wayarsa da kanta ta ce lambar amincewa ta fito: kwanciyar asibiti, allurai, da aikin haƙorin, duk sun shiga, tun da a cikin kwanakin aka buɗe fayil. Ya yi ta yi mata godiya yana rusunawa, sai ka ce tana ganinsa.

Haƙorin dai bai tsira ba. Likitan nan ya ce tsagar ta raba shi biyu, ƙashin da ke kewaye ya sha wuya. Da na zo a satin farko da wani zance ne. Sun cire shi da hantsi. Ban ji zafi ba, sai wata girgiza can ciki, kamar ana tumɓuke kututture a gonar maƙwabci.

Asabar, da yamma, a gida

Baki ya fara buɗuwa. Yatsa biyu.

Auta ta leƙa ciki ta ce nawa giɓin a ɓoye yake, nata ya fi kyau. Da ta fita wasa, ya zauna a bakin gado ya ce in yafe masa. Ya sunkuyar da kai yana jira, na ga kafaɗunsa sun ɗaure. Na san kalmar da yake tsoro.

Na ce masa da komai. Na ce na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na rasa haƙorin da na fi tauna da shi, kuma wata uku ina dafa wa tsuntsaye shinkafa. Maganar tana fita a karkace saboda audugar da ke bakina. Na ce kati ya ƙare, shago yana nan, ba za mu kwana da yunwa ba, amma ba zan sake guga da asuba don benci ba.

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. Ya ce tsuntsayen sun yaba girkin.

Na jefe shi da matashi.

Litinin, ƙarfe tara na safe, a shago

Yau ni na riga shi fita. Na bar shi a bakin ƙofa da silifas da rigar gida, kofin shayi a hannu, yana gaya min in sha maganin ƙarfe goma, in kurkure a hankali.

Ina sauka daga bene na ji ƙofar maƙwabcinmu ta buɗe, direban motar makaranta, mutum mai son zance. Ya gaishe shi, ya ce lafiya yau Malam bai shirya ba, ko hutu aka samu.

Na tsaya a matakala, hannuna a kan ƙarfe.

“Ba hutu ba ne,” in ji Baban Auta. “Sun sallame ni, wata uku ke nan. Ina neman wani. In ka ji inda ake buƙatar mai duba rubutu, ko ma wani abin, ka tuna da ni.”

Direban ya yi salati, ya fara jajantawa. Na jira in ji muryar mijina ta karye. Ba ta karye ba. Ya tambayi direban ko ya karya kumallo, ya ce ruwan bai huce ba tukuna, ya shigo su sha.